Tukubar Kawu a Bakin Filin Jirgi

A shekarun da jirage masu farfela suka fara ba wa masu ƙugi wuri, filin jirgin Jidda a cikin gari yake, ko kuma in ce garin ne ya bi shi har ya cim masa. Mu da ke unguwar Ammariyya, in jirgi zai sauka sai liman ya ja numfashi, mai ciniki ya riƙe tayinsa a baki, har ƙarar ta wuce. Lokacin ina koyar da nahawu da lissafi a wata ƙaramar makaranta, na kuma lura ba abin da ɗalibaina suke ƙauna kamar jirgi, don shi kaɗai ke iya rufe mini baki.

Tsakanin wayar da ta kewaye filin da kwaltar da ta bi ta gabansa akwai wani ɗan zirin ƙasa, wanda in dogon mutum ya kwanta a gicciye kansa zai taɓa waya, ƙafarsa ta leƙa titi. A nan ƙanen mahaifiyata yake da tukuba, tudun yumɓun nan da ake kafa tsinken tsire a kewayen wuta. Kawu mutumin Sudan ne, cikin Hausawan da iyayensu suka yada zango a kan hanyar hajji, zangon ya zama zama. Ya ƙetaro ruwa da wuƙa ɗaya da sanin yadda ake haɗa ƙuli da yaji, ya tarar da wurin nan ba kowa, ya zauna. Alhazan ƙasarmu in sun sauko, kafin su ga mai masaukinsu hanci ya riga ya kai su wurinsa. Tukubar nan ita ke ciyar da gidansa, ba shi da shago, ba shi da wata sana'a, kuma shekaru sun riga sun hau kansa.

Maƙwabcinsa a zirin wani mai shayi ne, Bahaushe haifaffen Jidda, wanda Hausarsa kan fara tafiya da ƙafafunta sannan ta hau jakin Larabci a tsakiyar hanya. Teburi ɗaya gare shi da risho da kofuna. Sun daɗe tare, kowa na gaishe da kowa, kowa kuma na ƙirga masu sayen ɗan'uwansa da gefen ido.

A can sama, manya suna ja-in-ja a kan wa ke da ta cewa a filin. Ba a jarida muka gani ba. Jaridun lokacin suna taɓa irin wannan magana yadda ake taɓa zancen surukai, da ladabi da nisa. A bakin direbobi da masu dako muka ji. Baladiya, wato hukumar gari mai shara da fitilu da izinin shaguna, wai tana cewa hanyar da ke kai mutum filin tata ce, ruwan da ake sha a ciki nata ne, ƙarar kuma mutanenta ke kwana da ita. Mutanen jirgi kuwa, waɗanda daga babban birnin ƙasa suke karɓar umarni, wai suna cewa filin jirgi ƙofar ƙasa ce ba ƙofar gari ba, kuma ba a ba wa mai unguwa makullin fada. Ko haka suka faɗa ko direbobi ne suka gyara musu magana, Allah masani.

Abin da na gani da idona shi ne yadda mai shayi yake cin moriyar abin. In ma'aikacin baladiya ya zo yana duba masu kasa kaya a bakin titi, sai ya miƙa masa kofi ya ce, cikin nuna takaici, ai nan ƙasar mutanen jirgi ce, su suka san da zamansu. In askarin filin ya leƙo ta waya, sai ya ce masa ai wajen waya na baladiya ne. Kowannensu sai ya tafi da sauƙi a fuska, irin na wanda aka ce masa gawar nan ba a unguwarsa ta faɗi ba.

A irin wannan lokaci Kawu kan mai da hankali kan wutarsa. Yakan sunkuya yana juya tsinke. Sai sun tafi ya ce, "Ɗan Jidda, wata rana bakin nan naka zai sa a ɗaure mu."

"Ya Ammi, shekara nawa yana kwance mu?" in ji mai shayi, don haka yake cewa kawu da Larabci.

Abin yana cin Kawu, na kuma san dalili. A ƙauyen da ya tashi a Sudan, mahaifinsa bai taɓa barin shekara ta juya ba tare da ya je ya gaishe da umda, mai garin, da ɗan abin hannu ba. Ba don ana binsa komai ba, sai don a san yana nan, kuma a san ya san a ƙasar wa yake. A wurin Kawu, mutumin da ke zaune a inda bai gaishe da mai wurin ba, ko ɓarawo ne ko mahaukaci. Yakan ce ƙasa ba ta rasa mai ita, in ka ga kamar ta rasa, to mai ita yana bayan bango yana kallonka.

Wata safiya aka wayi gari an kafa turaku masu jan kai a tsawon zirin. Ba wanda ya ga mai kafawa. Masu dako suka ce na baladiya ne, za a faɗaɗa titi. Direbobi suka ce na mutanen jirgi ne, za a matso da waya. Wani makaho da ke zama a bakin ƙofa ya ce shi dai ya ji bugun guduma, kuma bugun na gwamnati ne, don ba a yi shi da sauri ba.

Kawu ya zagaya turakun ya dawo. Ya lura ɗaya ya faɗo daf da tukubarsa, amma an tsallake teburin shayi. Mai shayi kuma ya lura layin, in an ja shi da igiya, ta tsakiyar teburinsa zai bi ya bar tukuba. Daga ranar gaisuwarsu ta gajarce.

Da la'asar Kawu ya aika a kira ni. Na same shi a tsakar gida, Inna matarsa tana dakan ƙuli.

"Malam ƙarami," in ji shi, don haka yake kirana in zai sa ni aikin da ba zan so ba, "yaron nan ya riga ni. Ya je ya kai gaisuwa a ɓoye, shi ya sa turke ya tsallake shi. Gobe za ka raka ni. Larabcina na kasuwa ne, ina son na littafi."

Na ce, "Kawu, gaisuwa wurin wa?"

"Wurin mai wurin."

"Ai shi ne ba a sani ba. Kuma in ka yarda da shawarata, rashin sanin nan shi ne inuwar da kake sha. Duk ranar da aka san mai wurin, zai waiwayo ya ga abin da ke cikin wurinsa."

Ya dube ni tun daga hula har takalmi. "Wa ya aiko ka?"

"Kai ka aiko a kira ni, Kawu."

"Na ga kana yawan shan shayi kwanan nan."

Inna ta tsayar da taɓarya ta ce, "Malam, ɗan 'yar'uwarka ne fa." Ya ce ya sani, ai shi ya sa ya tambaya a gida bai tambaya a waje ba.

Tun da ba a san mai wurin ba, Kawu ya yanke za a gaishe da duka biyun. Sai aka shiga matsala ta biyu, wadda ta fi ta farko cin lokaci: wa za a fara gaisarwa? Shi yana ganin gwamnati uwa ce, baladiya yaya, kuma ba a tsallake uwa. Inna ta ce uwar tana nesa, yaya ce ke kusa da kunnenka in za a ja shi. Aka kwana ba a daidaita ba. Da safe ya shirya faranti biyu na tsire, ya daidaita su kamar mai rabon gado, har yana ɗauke tsoka daga wannan ya mayar wancan. Direban tasin da muka tara shi ya raba gardama ba tare da ya sani ba, don ya ce baladiya ce a kan hanya, kuma shi ba zai yi zagaye ba.

Jami'in da muka samu a baladiya mutum ne mai fara'a. Ya ƙi karɓar farantin, da Kawu ya nace sai ya ce a kai wa masu gadi. Ya sa aka kawo shayi, ya tambayi lafiyar Kawu da ta iyali har sau uku, sannan ya tambayi abin da ke tafe da mu. Na ce gaisuwa ce kawai. Ya jira sauran maganar, bai ji ba. Ya sake tambaya. Na ce dattijon nan yana gasa nama a bakin filin jirgi, ya zo ne a san da shi.

"Daidai ina?"

Kawu ya kwatanta masa wurin dalla-dalla, har da ramin da ruwa ke taruwa.

"Tun yaushe?"

"Tun kafin a ja waya," in ji Kawu.

Mutumin ya ajiye kofinsa. Ya ce in maimaita. Na maimaita. Ya tashi ya kira wani daga ɗakin da ke kusa, ya ce in sake maimaitawa. Na san wannan hasken ido, ina ganinsa a aji duk lokacin da yaro ya hango amsa a allon na kusa da shi. Suka kama hannun Kawu suna girgizawa. Suka ce masa shi ɗan gari ne, sana'arsa sana'ar gari ce, wurinsa kuma tun fil azal wurin gari ne, ga shi ma ya zo da bakinsa ya shaida.

A mota Kawu ya ce, "Ka gani? Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne." Na ce na gani.

A ofishin filin jirgi mataimakin mudir, wato shugaban filin, muka samu, siriri, mai agogo a hannu da wani a bango, yana duba su bi da bi kamar yana zargin ɗaya da ƙarya. Shi ma ya ƙi farantin. Shi ma ya tambayi daidai ina. Amma shi kalma ɗaya ce ta tsaya masa a wuya.

"Wuta? A jikin waya?"

Na ce garwashi ne, ɗan kaɗan.

"Garwashi wuta ne, ya ustaz. Wa ya ba shi izini?"

Kawu, don ya nuna shi mai tarbiyya ne ba ya tsallake kowa, sai ya gyara zama ya ce yanzun nan ma daga baladiya muke, sun karɓe mu hannu biyu, sun ce shi nasu ne, wurin ma nasu ne. Ina neman hanyar da zan bi in rage wa maganar kaifi, amma kalmar baladiya ba ta bukatar tafinta.

"Haka suka ce?" in ji mataimakin mudir. Ya daina duban agogo. Ya yi murmushi a karon farko, ya taso ya dafa kafaɗar Kawu. "La, ya hajj. Kai baƙonmu ne. A ƙasarmu kake zaune, mu za mu kula da kai."

Kawu ya koma gida kamar wanda ya dawo daga naɗi. Ya ce wa Inna jiya shi maraya ne, yau yana da uba biyu. Ya wuce ta gaban mai shayi ya yi masa doguwar gaisuwa, har da tambayar gajiya.

Uban farko bai daɗe ba ya zo ganin ɗansa. Ma'aikacin baladiya ya iso da gwangwanin fenti, ya rubuta lamba a jikin teburin yankan nama, ya ce masu saye suna tare titi, a ja tukuba baya, ta matsa jikin waya. Ita kuwa tukuba ba kujera ba ce. Yumɓu ce da aka gina a ƙasa, in ana son ta matsa sai an rushe an sake, an jira ta bushe. Kawu ya rushe, ya kwaɓa, ya gina a jikin waya. Ranar da ya hura mata wutar farko askarawan filin suka fito, suka ce umarni ne daga sama, ba wuta a jikin waya, a matsar da ita bakin kwalta. Ya rushe, ya kwaɓa, ya gina. Mai fenti ya dawo ya ga an saɓa masa, ya tambayi wa ya ce a matsa. Da aka gaya masa, sai ya ƙara girman lambar.

Haka aka yi ta yi, ga lokacin hajji yana matsowa, lokacin da Kawu ke samun abin da zai riƙe gida har shekara. Alhazan farko suka sauko suka tarar da shi tsugune cikin laka har gwiwar hannu. Wani dattijo daga cikinsu ya tsaya ya tambaye shi ko ya san inda mai tsiren nan ya koma.

Mai shayi, wanda yanzu kowane ɓangare ya fara tambayarsa shi kuma na wa ne, ya zo ya tsaya a kansa. "Wallahi ya Ammi ka jawo mana musiba. Muna zaune fi amanillah, ba wanda ya san da mu, ka ɗauki faranti ka je ka buga mana ƙararrawa."

"Kai da ka riga ni zuwa?"

"Ni? Ko ƙofar ban sani ba!"

"To me ya sa ba a taɓa teburinka ba?"

"Don teburi ne! In sun zo in ɗaga, in sun tafi in ajiye!"

Kawu bai gamsu ba. Da muka keɓe ya ce mini ya yi tunani, kuma ya gano inda aka samu kuskure: da mutanen jirgi muka fara gaisarwa da ba haka ba. Sannan ya ce ya lura a baladiya na fi tsawaita fassara. Na ce a can an sa ni maimaitawa. Ya ce shi ma abin da ya lura ke nan.

Ƙarshenta ɓangarorin biyu suka yarda a kan abu ɗaya, wanda a iya sanina shi ne na farko da suka taɓa yarda a kai: tukuba ta tashi. Kowanne ya aiko mutuminsa ya faɗa wa Kawu da baki, cikin ladabi, da addu'ar Allah ya musanya masa da mafi alheri.

Ranar da aka sa, na nemi izini a makaranta na je. Leburorin baladiya suka iso da diga da shebur. Ba a jima ba na filin jirgi suka fito ta ƙofa, su ma da diga da shebur. Shugabannin biyu suka gaisa, suka rungumi juna, suka tambayi lafiyar yara. Na baladiya ya ce kada ɗan'uwansa ya wahalar da mutanensa, wannan ɗan aiki ne na gari. Na filin ya ce haba, ai ba a barin baƙo ya yi shara a gidan mutum. Sai a lokacin na fahimci abin da ya tsayar da su: duk wanda digarsa ta fara taɓa yumɓun nan, ya nuna ƙasar tasa ce, ɗayan kuma da ya tsaya yana kallo ya sallama. Leburori suka jingina kayan aiki a waya suka zauna. Mai shayi bai taɓa ciniki irin na ranar ba. Da aka kira azahar kowa ya kwashi mutanensa, aka ce za a mayar da magana sama.

Sati ya wuce, wani ya bi shi, ba wanda ya dawo. Mai shayi ya zo da kofi a hannu, ya miƙa wa Kawu, abin da ya daɗe bai yi ba.

"Halas, shi ke nan, ya Ammi, mun koma yadda muke. Wannan ba zai bari wancan ya rushe ba, wancan ba zai bari wannan ba. Maganar da ta hau sama ba ta saukowa da wuri. Hura wutarka, ka yi shiru, don Allah kada ka sake gaishe da kowa."

Na ce, "Kawu, a wannan karon gaskiya ya faɗa."

Ya dubi kofin bai karɓa ba. Ya dube mu mu biyu, yadda muka tsaya kafaɗa da kafaɗa.

"Tarko ne," in ji shi. "Suna so in hura wuta bayan an hana ni, su zo su kama ni da hujja. In ma ba tarko ba ne, da can ban san mai wurin ba, ina da uzuri. Yanzu masu gida biyu sun sallame ni, kowanne ya dubi idona. In ci gaba da zama a matsayin me?"

"A matsayin mai tsire," in ji mai shayi.

Kashegari bayan la'asar Kawu ya zo da taɓaryar Inna a kafaɗa. Bai nemi taimakon kowa ba, da na miƙa hannu ma ture shi ya yi. Ya rushe tukubar da kansa, ya baje yumɓun da ƙafa har wurin ya yi daidai da ƙasa, ya ɗaure tsinkensa da wuƙarsa a tsumma. Wani askari yana kallo ta cikin waya, wani mai sharar baladiya yana kallo daga titi, kuma ina jin duk su biyun sun ji daɗi.

Ya koma wani lungu a unguwar Mahjar, kusa da inda wani ɗan garinsu yake sayar da gawayi. Tsiren bai sake ba, amma masu sayen sun sake. Maimakon alhazan da ke ci suna lumshe ido suna tuna gida, sai ma'aikata masu sayen tsinke ɗaya su nemi gyara. Inna ta fara soya gyaɗa tana bayarwa a kai ƙofar makarantu don a cike giɓi.

Turakun nan masu jan kai rana ta cinye fentinsu, awaki suka ture wasu, har yau ban san wanda ya kafa su ba. Ja-in-jar manya kuwa ta ci gaba, direbobi suna kawo mana sabon babi duk shekara. Da tukuba ta tafi ba sauran abin da za a yi gardamar rushewa, don haka ba wanda ya sake waiwayar zirin.

Duk Juma'a in na je gaishe da Kawu, bayan ya tambayi mahaifiyata da ɗalibai, sai ya yi kamar abin ya faɗo masa a rai ne kawai.

"Ka bi ta filin jirgi kwanan nan?"

"Na bi, Kawu."

"Ɗan Jidda yana nan?"

"Yana nan. Ya ƙara benci ma."

Sai ya gyaɗa kai a hankali, ya juya tsinke. "Kuma ka ce mini bai kai gaisuwa ba."